Wai Abincin Bahaushe Cika-Ciki Ne? Martani Ga Ɗan'uwanmu Da Ya Dawo Daga Dubai

Malam Edita, ina roƙon arziki ka ɗan ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in mayar da martani a kan wata magana da ta tsaya mini a rai tun daren da ƙungiyarmu ta yi zaman hira na ƙarshe a zangon karatun da ya wuce. Waɗanda suka halarci zaman za su tuna cewa wani ɗan'uwanmu ɗalibi, wanda Allah ya ba shi ikon yin mako biyu a Dubai, ya miƙe ya shaida mana cewa shi bai san ana cin abinci a duniya ba sai da ya fita waje. Ya ce abin da mu Hausawa muke ci sunansa cika-ciki, wai tuwo jiya, tuwo yau, in an ga dama a sauya wa miyar launi. Aka yi dariya, har wasu suka tafa. Na ɗaga hannu, amma shugaban zama ya ce lokaci ya ƙure. Shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Ba zan ambaci sunansa ba, domin abokina ne, kuma ko shekaranjiya na hango shi a layin mai ɗanwake yana roƙon a ƙara masa yaji. Maganarsa nake so in yi wa filla-filla, saboda ba shi kaɗai ke yin ta ba. Akwai ta a bakin ɗalibai da yawa, akwai ta ma a bakin waɗansu manya da suka saba zuwa taro a ƙasashen waje.

Ni dai ban taɓa hawa jirgin sama ba. Amma a shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin nan na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, mahaifina ya ce ba zai zuba mini ido ina kwana ina tashi a zaure ba. Da farko na yi wata biyu ina yi wa wani mai sayen hatsi yaron shago. Daga baya kawuna, wanda fatauci ne sana'arsa, ya ɗauke ni ina riƙe masa jaka da lissafi. Mun bi ta Jibiya mun shiga Maraɗi, mun je Damagaram. Bayan Babbar Salla kuma muka gangara Legas, muka tsallaka Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Gana ta Aflawo, muka sauka a Akra, wadda fataken da suke kira Ankara, sa'an nan muka wuce Kumasi. Ƙasashe huɗu ke nan, kuma a cikinsu duka babu inda muka ci abinci a otal. A tasha muke ci, da bakin kasuwa, da gidajen masu masaukinmu. Saboda haka abin da zan faɗa abu ne da harshena ya taɓa.

Abu na farko da nake so ɗan'uwana ya amsa shi ne, me ya gwada da me? Da muka matsa masa da tambaya bayan an tashi, sai ya ce a gidajen abinci na cikin manyan kantuna yake ci, kuma ɗan'uwan mahaifinsa ne ke biya. To, jama'a, wannan ai ba abincin Dubai ya ci ba, abincin kuɗi ya ci. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ƙasar hamada ce, fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da take ci daga waje ake shigo mata da shi. Shinkafar ta Indiya ce ko ta Pakistan, masu dafawar ma galibi baƙi ne. Mai kuɗi a Kano ko Kaduna ko Abuja zai iya samun irin wannan faranti in ya so. Shi kuwa ɗan'uwanmu sai ya ɗauki farantin attajiri na can, ya ajiye shi kusa da kwanon ɗalibin da kuɗin watansa suka ƙare, ya ce wai ya gwada ƙasa da ƙasa. Da ya shiga unguwannin leburori ya ga abin da mai ɗaukar siminti yake ci da rana, da sai mu saurare shi. In za a yi gwaji na gaskiya, a haɗa abincin talaka da na talaka, na biki da na biki. A kawo abincin bikinsu, mu kuma mu kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da funkaso, da sinasir, da dambun nama, da farfesun kai, sa'an nan a nemo alƙali.

Wannan ita ce cutar matafiyi. Baƙo ba ya cin abin da masu gida suke ci kullum, abin da aka ajiye wa baƙo yake ci. Yana kuma ci ne da yunwar hanya da ɗokin sabon wuri. In ya dawo gida sai ya riƙa yi wa rogon wasu kallon kitse.

Yanzu bari in faɗi abin da na gani a Gana. Washegarin saukarmu a Nima, unguwar da ke cike da Hausawa da sauran Musulmi a Akra, mai masaukinmu ya ce mu fito mu karya kumallo. Muka tarar da layi, ma'aikata da taye a wuya, da 'yan makaranta, da direbobi, kowa na jiran wata mata mai babbar tukunya. Na tambayi abin da ake sayarwa, aka ce mini "Hausa koko". Haka sunansa yake a bakin kowa, da mai jin Hausa da wanda bai san ko "sannu" ba. Kokon gero ne mai citta da kanumfari da barkono, ana haɗa shi da ƙosai, wanda suke kira kose. Da rana aka kawo mana abin da suke rubutawa waakye, suke faɗa kamar "wace". Shinkafa da wake ne, kuma sunan ma daga kalmarmu ta "wake" ya fito. Suna dafa shi da busasshen ganyen karan dafi, irin dawar nan da dukawa ke rina fata da ita, sai ya fito ja-ja, a zuba shi a ganye, a sa masa yajinsu mai mai da ake kira shito, da gari, da taliya, da ƙwai. A Kumasi na ci tuo zaafi, wato tuwon zafi, da miyar ayayo. Da dare kuma ga masu cicinga a bakin titi, wanda ba wani abu ba ne illa tsire. Akwai masa, akwai fura, akwai pinkaso.

Duk wanda ya yi kwas ɗin tarihin Hausawa ya san yadda aka yi haka. Fataken goro ne da suka riƙa zuwa Gwanja, suna sauka a kasuwar Salaga, suka tafi da tukwanensu da matansu da malamansu, irin su Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Zango ya kafu, abincin zango ya fita ya mamaye gari. Yau mutumin Gana yana alfahari da waakye a matsayin abincin ƙasarsa, yana kai baƙonsa Bature ya ci. Mu kuwa a nan mun sa wa ɗan'uwansa suna garau-garau, muna ɓoye kwanon in mun ga wanda muke jin kunya. Na tsaya a layin kokon nan ina jin daɗi ina kuma jin haushi, domin na tuna a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, wanda ya sha koko da safe ana yi masa kallon wanda aljihunsa ya bushe, mai shayi da burodi shi ne ɗan gayu.

A Nijar kuwa darasin dabam ne. Ƙasa ce da ruwan samanta bai kai namu ba, kuma ba wanda zai ce talakanta ya fi namu wadata. Amma hurar da na sha a Maraɗi, ta dala ashirin, wato sefa ɗari, ban sha irinta a garinmu ba tun rasuwar kakata. Gero ne zalla, wanda su suke kira hatsi, an daka shi a ranar, nonon kuma nono ne, ba a tsinka shi da ruwa da garin kuka ba. Na ci dambu da zogale wanda zogalen ya kusa rinjayar tsakin. Na ci cuku da shayi a Damagaram. Kilishinsu kuwa, da albasar Galmi, har ƙungiyar kare haƙƙin mallaka ta ƙasashen Afirka mai hedkwata a Yawunde ta yi musu rajista da sunan Nijar, domin kada wani ya yi nasa ya laƙaba masa sunan nasu. Mu da muke da masu kilishi a kowane gari, wa ya taɓa tunanin yin haka?

Sai maganar cewa wai abincinmu kala ɗaya ne. Ina ƙalubalantar ɗan'uwana, tun da ɗalibin Hausa ne, ya je laburare ya ɗauko ƙamus ɗin Bargery na 1934, ya yi mako guda yana tsamo sunayen abinci da na ganyayen miya. Zai gaji bai gama ba. Ko ba ƙamus, ga tuwon dawa, da na gero, da na masara, da na acca, da na alkama. Ga dambu, da fate, da burabusko, da dashishi, da wasa-wasa, da ɗanwake, da ɗanmalele, da alale, da waina, da gurasa. Ga miyar kuka, da kuɓewa ɗanya da busasshiya, da karkashi, da yakuwa, da lalo, da zogale, da taushe. Ga kwaɗon rama da na tafasa. Ga kunun tsamiya, da na kanwa, da na gyaɗa, da na zaƙi. Ga alkaki, da nakiya, da dakuwa, da dubulan, da kantu. Idan a gidan su ɗan'uwana abu biyu kawai ake dafawa a cikin waɗannan, to wannan matsalar gidansu ce, kada ya ɗora wa al'umma.

Kalmar cika-ciki kuma tana nufin abinci marar amfani a jiki. To, gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya. Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta tun 2008, ta amince da acca a 2018, kuma a kantunan masu neman lafiya ake sayar da su da tsada. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano ana lodinsa a jirgin ruwa zuwa Meziko, riɗinmu yana tafiya Japan da Turkiyya. Daddawar da muke toshe wa hanci kalwa ce, tana gina jiki, abin da dunƙulen kanti ba ya yi. Ainihin cika-ciki shi ne taliyar ledar nan mai dahuwa cikin minti uku, wadda da yawanmu muka mayar abincin dare, da lemon kwalba da muke korawa da shi.

Kada a ɗauka ina cewa a guji duk abin da ya zo daga waje. Masara da gyaɗa da rogo da tumatir da barkono duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, kakanninmu suka karɓa suka mayar da su namu, har yau ba mai iya raba Bahaushe da yaji ko ƙuli-ƙuli. Aro ba laifi ba ne. Abin da na ƙi shi ne mutum ya raina abin da bai ma san sunansa ba.

To, amma Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da zan tsaya a nan, da na yi wa masu karatu rabin gaskiya. Akwai inda na ga an fi mu, kuma ba a wajen iya girki ba ne. A wajen amana ne.

Na faɗa a baya cewa na yi wata biyu a shagon wani mai sayen hatsi. Ranar nan zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa ko mahaifiyata ba. Da hannuna na riƙe bakin buhu ana yayyafa wa wake fiya-fiya, maganin nan da muke kashe sauro da kyankyaso da shi, don kada ƙwari su huda shi kafin farashi ya tashi. Idanuna suna ruwa, maƙogwarona yana ƙaiƙayi, maigidan yana cewa ai kowa haka yake yi. Da zan tafi gida ya hana ni ɗiba daga waɗannan buhuna, ya ɗebo mini daga wani buhu dabam da ya ajiye wa iyalinsa. A lokacin na ɗauka alheri ya yi mini. Sai da na dawo makaranta, wata rana mu huɗu muka dafa wake da shinkafa a ɗaki, uku daga cikinmu suka kwana suna amai da ciwon ciki har aka kai ɗaya asibiti aka sa masa ruwa, sa'an nan na tuna da warin nan, na san abin da na taya aikatawa.

Wannan ba sirri ba ne a duniya. Nijeriya ce kan gaba wajen noman wake a duk duniya, Nijar na bi mata. Amma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu kasuwanninta, saboda an riƙa samun wannan guba ta fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima, kuma a 2016 ta tsawaita hanin da shekara uku. Waken da Bature ya ce ba zai ci ba, ina ya tafi? Cikin tukunyarmu ya koma. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle buhu dubu. Abin takaici kuma shi ne akwai mafita. Kakanninmu da toka da barkono suke ajiye wake. Tun 2007 kuma ake yaɗa buhun nan mai ninki uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, wanda ke hana iska shiga har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Sai dai ya fi kwalbar fiya-fiya tsada, mu kuma riba muke so ta yau.

Ba wake kaɗai ba. Tun zamanin da marigayiya Dora Akunyili take shugabancin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daga 2001 zuwa 2008, aka haramta sa sinadarin bromet a burodi, wanda ke sa shi kumbura ya yi kyan gani, kuma an sha kama masu karya dokar bayan haka. Ana nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin masu walda. Ana zuba wa yaji jar ƙasa ko dusa, ana haɗa zuma da narkakken sukari, ana bubbuge gindin mudu ya shige ciki. Muna kuma yin haka alhali tun muna makarantar allo muka haddace surar da ta yi wa masu tauye mudu kashedi, kuma duk mun san labarin mai hatsin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu a tarin hatsinsa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama.

Ba na cewa mutanen can mala'iku ne. A Gana ma, a 2015, hukumarsu ta gano ana zuba wa manja rini mai cutarwa don ya ƙara ja. A tashar Lome na ci wata shinkafa da ta hana ni barci. Amma matar nan mai koko a Nima ta nuna mini katin gwajin lafiya da hukumar gari ke bukata daga masu sayar da abinci, ƙosanta kuma yana cikin akwatin gilashi, ƙuda bai isa ya sauka ba. Yaushe rabon da waninmu ya ga duba-gari ya leƙa tukunyar mai abinci a ƙofar makarantar nan? Iyayenmu suna ba mu labarin zamanin da in aka ce ga duba-gari nan, har randa ake wankewa.

Saboda haka ina da magana da wani rukunin kuma, wato masu cika baki a Facebook cewa dafa-dukar Nijeriya ta fi ta Gana. Shekara da shekaru ana wannan musu, sai ga shi a 2021 hukumar UNESCO ta sa shinkafa da kifin Senegal cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, a 2024 kuma ta sa acaken Kodebuwa. Su sun zauna sun rubuta tarihin abincinsu da yadda ake yin sa, sun kai inda ya dace. Mu muna nan muna zagin juna a waya. Da mai raina tuwo da mai fariyar banza duk jirgi ɗaya ya kwaso su, domin babu wanda ya tsaya ya duba abin da ke cikin kwanonsa.

Wani zai ce me ya haɗa ƙungiyar Hausa da wake da manja? Abin da ya haɗa su shi ne, duk abincin da aka daina dafawa, sunansa ma tafiya yake yi, da karin maganar da ke kansa, da sunayen kayan aikinsa. A ajinmu na tambayi mutum goma mene ne bambancin surfe da ribɗi, da tsaki da gari, da madambaci da gwagwa. Uku ne suka ba ni amsa, kuma dukansu daga ƙauye suka zo. Gobe mu ne za a ba aji mu koyar da Hausa, mu ne za mu zauna a gidan rediyo. Wanda bai san mene ne gaya ba, ta yaya zai fassara wa yara cewa gaya marar miya ba ya shiga?

Ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara guda biyu. Ta farko, a hutun nan mai zuwa a ɗora wa kowane ɗan ƙungiya ya zauna da tsohuwar gidansu ya rubuto abinci biyar da aka daina yi ko ake neman dainawa, da sunansu a karin harshen garinsu, da yadda ake yin su tun daga turmi har akushi. Basakkwace ya kawo nasa, Bazazzagi ya kawo nasa, 'yan'uwanmu na Nijar da ke karatu tare da mu su kawo nasu, a buga a wannan mujalla kashi-kashi. Ta biyu, a bikin Ranar Hausa ta 26 ga Agusta da sauran tarukanmu, a daina raba wa baƙi biskit da lemon kwalba. Abin kunya ne malami ya gama lacca a kan al'adun Hausawa a miƙa masa abin da ko sunansa na Hausa babu. A kawo kunun aya da zoɓo da alkaki da waina, a kuma san daga hannun wa aka sayo kayan.

Ga 'yan'uwana ɗalibai masu girki a ɗaki kuwa, in kun je sayen wake ku shinshina shi. Wanda kuka ga ƙwaro ɗaya-biyu na yawo a ciki ya fi wanda ya yi fes yana warin magani, domin abin da ya hana ƙwaro kusantarsa ba zai bar hanjinku lafiya ba. Waɗanda kuma iyayensu ko 'yan'uwansu ke ajiyar hatsi, kamar yadda nawa suke yi, mu fara wa'azin daga gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Shi kuwa ɗan'uwana ɗan Dubai, ina gayyatarsa garinmu ranar suna na gaba a gidanmu. Innata za ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da man shanu, da gero da waken gonarmu waɗanda ba su taɓa ganin fiya-fiya ba. In ya ci ya tashi ya ce cika-ciki ne, na yi alkawari zan rubuto wa Malam Edita takardar ba da haƙuri a fitowa ta gaba. In kuwa ya nemi ƙari, to shi zai rubuto.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci. Wassalam.